Ku Tambaya Mu Amsa: Hutu a Paris, ina za a je kuma me za a ci?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na ɗan taɓo zancen Paris a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, wasu kan wuraren kallo wasu kan abinci, har da masu tambayar biza, shi wannan sai mun ware masa ranarsa daban. Na zaɓi guda huɗu da nake ganin amsarsu za ta ishi sauran. Kamar kullum ba na sa sunan kowa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni da maigidana za mu je Paris, kwana huɗu kacal ya samu a wajen aiki. Na zauna na rubuta wurare 16 da nake son gani, Eiffel da Louvre da Versailles da Disneyland da sauransu, shi kuma wai na cika zari. Dan Allah ya za mu tsara mu ga duka?

AMSA: Ƙanwata Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Amma fa a wannan karon bayan maigidanki nake. Wuri 16 a kwana huɗu ba hutu ba ne, aikin ƙarfi ne, za ki dawo waya cike da hotuna amma in aka ce ba mu labari sai ki rasa ta ina za ki fara. Ni zuwana na farko haka na yi, kwana biyu ina gudu daga wannan layi zuwa wancan, rana ta uku ƙafafuna suka kumbura takalmi ya ƙi shiga, a ɗaki na wuni ina kallon rufin gidajen mutane ta taga, har yau in na tuna ranar nan da ta tafi a banza sai na ji ciwo. Ki ɗauki biro ki soke fiye da rabi. Babban wuri ɗaya a rana, sauran lokacin ku taka da ƙafa, don garin kansa abin kallo ne.

Kafin komai ki riƙe wannan, gidan tarihi na Louvre a rufe yake ranar Talata, fadar Versailles da gidan tarihi na Orsay kuma ranar Litinin suke rufewa. Mutane da yawa sun sha zuwa bakin ƙofa su juyo. Sannan tikitin manyan wuraren nan a intanet ake saye tun kafin a taso, a shafinsu na asali, a zaɓi rana da awa.

Hasumiyar Eiffel an gama ta a 1889 saboda babban bajekolin duniya da aka yi a shekarar, tsawonta yanzu mita 330. In kuna da ƙarfin ƙafa akwai matakala 674 zuwa hawa na biyu, ya fi lifta araha kuma layinsa ya fi gajarta, ni a ganina ma daga hawa na biyu aka fi gane gari, don daga can ƙololuwa komai ya zama ƙanana. Amma abin da ba na so ya wuce ki shi ne na dare, kuma kyauta ne. Ku je dandalin Trocadéro da ke tsallaken kogi bayan duhu ya shiga, duk farkon awa hasumiyar sai ta kama walƙiya na minti biyar kamar an watsa mata taurari, za ki ji mutanen da ke zaune a matakala sun ja numfashi lokaci ɗaya, yara na tsalle. Gani ya kori ji wallahi.

Louvre kuwa kar ki yaudari kanki cewa za ki gama shi. Tsohuwar fadar sarakunan Faransa ce da aka mayar gidan tarihi a 1793, abubuwan da aka baje sun kai wajen 35,000. Kowa Mona Lisa yake rugawa gani, ki je ki gani don ki huce, amma ki sani ƙaramin zane ne, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, yana bayan gilashi, tsakaninki da shi akwai kawunan mutane da wayoyi a sama. In kin fito daga nan ki tambayi sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, a wani tsakar gida ƙarƙashin rufi mai lanƙwasa kamar mayafin da iska ta ɗaga. Can babu turereniya. Akwai wani ɗan gwangwani na hauren giwa da aka sassaƙa a Andalus a shekarar 968, zai zauna a tafin hannunki biyu, amma an zana mutane da zakuna da tsuntsaye da rubutun Larabci a jikinsa, na fi minti 20 a gabansa ina mamakin irin hannun da ya yi wannan aikin. Awa uku ta ishe ku, ku fito ku zauna a lambun Tuileries da ke nan gefe ku miƙe ƙafa.

Wata ranar ku ba tsibirin da ke tsakiyar kogin Seine, nan ne cocin Notre-Dame take, wadda aka fara ginawa a 1163, ta yi gobara ranar 15 ga Afrilu 2019, aka sake buɗe ta a Disamba 2024, shiga kyauta ne. Daga nan ku bi bakin kogi inda masu sayar da tsofaffin littattafai suke da korayen akwatunansu, da yamma ku hau jirgin ruwan nan na awa ɗaya da ke bi ta ƙarƙashin gadoji. Rana ɗayar da ta rage a kai ta Montmartre, tudun da ake hango gari duka. Versailles da Disneyland kowannensu wuni guda yake ci don a bayan gari suke, ki zaɓi ɗaya ko ki bar su duka sai wani zuwan in Allah ya nufa.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni ɗalibi ne kuɗina a ƙirge suke. Abokaina sai tsorata ni suke wai Paris 'yan sane sun yi yawa. Gaskiya ne? Kuma wace hanya ce ta fi sauƙi wajen zirga-zirga?

AMSA: Ɗana, akwai su, ba zan ɓoye maka ba, amma ba da makami suke zuwa ba, da wayo suke zuwa, kuma inda baƙi suka taru nan suke. A ƙasan matakalar Montmartre za ka ga samari da zare a hannu, in ka miƙa hannu ko da gaisawa ne kafin ka ankara sun ɗaura maka abin hannu sun ce biya. Kusa da Eiffel akwai 'yan mata masu takarda a kan allo wai ka sa hannu don taimakon nakasassu, kana rubutu wata na lalube maka jaka. Sai masu cacar kofi uku a ƙasa, waɗanda kake gani suna ci duk mutanensu ne. Maganin duka ɗaya ne, hannunka a aljihu, ka ce "non merci", wato a'a na gode, ka ci gaba da tafiya kar ka tsaya. A cikin metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, jakar baya ta dawo gaba, waya kar ta zauna a aljihun baya, kar kuma ka ajiye ta a kan tebur in kana shan shayi a bakin titi. Fasfo ka bar shi a kulle a masauki ka riƙe kwafinsa. Lambar gaggawa 112.

Zirga-zirga kuwa metro ne abokinka, tun 1900 yake aiki kuma da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ga tasha ba. Ka sayi katin Navigo Easy a tasha ka dinga loda masa tikiti, tun farkon 2025 aka daidaita kuɗin ya zama ɗaya, a lokacin yuro biyu da rabi ne, amma na filin jirgi daban ne kuma ya fi tsada. Mutum ɗaya kati ɗaya. Kar wani ya ruɗe ka ka bi bayansa ta ƙofa ba ka taɓa katinka ba, masu duba tikiti suna tsayawa a lungun da ba ka zata ba kuma nan take suke cin tara, ba ruwansu da kai baƙo ne. Daga filin jirgin Charles de Gaulle jirgin RER B ne ke shiga gari, daga Orly kuma layi na 14. Duk wanda ya tare ka a cikin filin jirgi yana cewa tasi tasi ka wuce shi, tasi na gaskiya a layinsu suke a waje kuma kuɗinsu zuwa cikin gari a yanke yake.

Ruwan sha kar ka saya, ka riƙe gora, akwai korayen famfunan ƙarfe da ake kira Wallace a ko'ina tun 1872. In kana son ganin gari daga sama ba ko sisi, rufin kantin Galeries Lafayette kyauta ake hawa.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Zan kai iyalina Paris, ni da mai ɗakina da yara uku. Damuwata abinci ne, ba na jin Faransanci kuma ina tsoron a ba mu alade ko abin da aka dafa da giya ba mu sani ba. Wani ya ce in cika jaka da taliyar leda kawai. Mene ne shawara?

AMSA: Malam ina amsawa, kuma damuwarka a kan hanya take, Allah ya saka da alheri da kulawa da abin da ke shiga cikin iyali. Amma dan Allah kar ka kai yaran nan har Paris su wuni kan taliyar leda a ɗakin otal. Faransa na cikin ƙasashen Turai da suka fi yawan Musulmi, abincin halal ba wahalar samu yake ba, kalmomi kaɗan kawai za ka rubuta a takarda ka sa a aljihu.

Duk inda ka ga porc, jambon, lardons, lard, saucisson ko charcuterie to alade ne. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne lardons, 'yan ƙananan gutsattsarin naman alade ne soyayyu da suke barbaɗawa a salak da ƙwai da taliya, ka ce a kawo maka salak kana ganin ganye ne zalla sai ka tarar da su a ƙasa. Croque-monsieur da za ka gani a kowane gidan shayi burodi ne da cuku da naman alade a tsakiya, quiche lorraine ma haka. Ta ɓangaren giya kuma kalmar ita ce vin. Boeuf bourguignon naman sa ne amma a jar giya ake dafa shi, coq au vin kaza ce a giya, miyar albasar nan tasu da ta yi suna ita ma sau da yawa ana zuba mata. A kayan zaƙi ka kula da baba au rhum da crêpe Suzette. Sannan wani abu da ya kusa faruwa da ni, a gidan da ake yin crêpe, wata siririyar wainar fulawa, aka ajiye min wani abu a ɗan kofin tangaran kalar ruwan tuffa, har na ɗaga sai ƙanshin ya tsayar da ni, ashe cidre ne, shi ma yana da barasa. Alewar yara mai danƙo kuma a duba bayan leda, in an rubuta gélatine de porc a ajiye.

In ka zauna ka ce wa mai kawo abinci "san por, san alkol", wato ba alade ba giya, sun saba ji ba wanda zai yi maka kallon banza. Amma ka fara da "bonjur". Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, ka shiga kanti ko gidan abinci ba ka gaishe su ba kamar ka faɗa gidan mutane ne ba sallama, yawancin masu cewa mutanen Paris ba su da fara'a a nan suka fara kuskure.

To rashin alade ba shi ne yankan halal ba, wannan ka sani, kuma maganar yankan ahlul kitabi ta malamai ce kowa da abin da ya natsu da shi. In kana son nama hankali kwance ka nufi unguwannin da Musulmi suka fi yawa, Barbès da Goutte d'Or da Château Rouge a gunduma ta 18, da Belleville, da wajen Strasbourg-Saint-Denis inda akwai wani rufaffen lungu Passage Brady cike da gidajen abincin Indiya da Pakistan. Za ka ga an rubuta halal a ƙofa, wasu har da takardar shaidar masu sa ido kan yanka a manne a gilashi. Kuskus na mutanen Aljeriya da Maroko ya zama kamar abincin gari, a kawo maka tsakin a kwano ɗaya, romo da karas da kabewa a wani, gasasshen naman rago a gefe, kwano biyu zai ishe ku ku biyar. A Château Rouge kuma akwai gidajen 'yan Senegal da Mali masu yassa da mafe.

Amma ina so ku ɗanɗani na Faransawan ma, kar ku je ku dawo ba ku san hannunsu ba. Kifi suna iya shi ƙwarai, sole meunière kifi ne da aka soya a bota aka matse masa lemun tsami, shi ke nan, kuma ya isa. Akwai wainar ƙwai da cuku, akwai ratatouille na kayan lambu zalla. Uwa uba burodi. Ka tashi da sassafe ka bi ƙanshi zuwa boulangerie mafi kusa ka ce a ba ka "tradisyon", dogon burodin nan ne wanda dokar 1993 ta ce fulawa da ruwa da gishiri da yis ne kaɗai za su shiga cikinsa, yuro ɗaya da 'yan kai. Za a miƙo maka shi da ɗumi a 'yar takarda, in ka matsa ɓawon sai ka ji ƙaras, kafin ka kai masauki ka gutsire kansa, kowa haka yake yi a titi. Ka haɗa da croissant au beurre na yara. Da rana ku sayi burodi da cuku da tumatir da 'ya'yan itace ku tafi lambun Luxembourg, akwai korayen kujerun ƙarfe da kowa ke ja inda yake so, yara kuma ana ba su hayar ƙananan jiragen ruwa na katako su tura da sanda a tafkin tsakiya. Abincin ranar da ya fi kwanta min a rai a garin nan a wannan lambun na ci shi.

Ga wasu ƙananan abubuwa da ke cinye kuɗin baƙo. In ka ce ruwa kawai na kwalba za a kawo a sa a lissafi, ka ce "un karaf do", ruwan famfo ne mai tsafta a tulun gilashi kuma kyauta ne ga mai cin abinci, burodin da ake ajiyewa a kwando shi ma haka. Kuɗin hidima yana cikin farashin da ka gani, tukuici ganin dama ne, yuro ɗaya ko biyu in ka ji daɗi. Abincin rana daga 12 zuwa 2 ne, a lokacin ake samun formule, wato abinci kala biyu ko uku a farashi ɗaya mai sauƙi, bayan nan yawancin kicin rufewa suke sai wajen 7 na yamma, don haka kar ka bari yara su kai ƙarfe 4 da yunwa. Gidan da ka ga an jera hotunan abinci a ƙofa wani na tsaye yana kiranka ka wuce, ka ƙara titi biyu gaba. Nama kuma ka ce "biyan kwi", dafaffe sosai, in ba haka ba da jininsa za a kawo, shi kuma steak tartare ɗanye ne gaba ɗaya. Kuma ba sa kawo lissafi sai ka nema, ba mantawa suka yi da kai ba, a wurinsu rashin ladabi ne a tashi mutum daga kan abinci.

TAMBAYA: 'Yata sannu da ƙoƙari. Ɗana ne zai kai ni Paris bayan an duba min gwiwa. Na ji an ce sun hana hijabi, kuma ina zan yi salla in muna yawo? Tafiya mai nisa ma ba na iyawa.

AMSA: Mama Allah ya ƙara lafiya ya sa kaffara ne, ya yi wa ɗan nan albarka. Ki kwantar da hankalinki, hijabi da doguwar riga ba a hana a titi ko kasuwa ko gidan tarihi ba, za ki ga mata da yawa da su a cikin bas. Dokar 2004 da ake yawan faɗa ta 'yan makarantun gwamnati ce. Abin da aka hana a bainar jama'a shi ne rufe fuska, wato niƙabi, dokar ta fara aiki a Afrilun 2011 kuma tararta na kaiwa yuro 150. Shimfiɗa darduma a kan titi ma ba a yarda da shi ba, gara a tsara yawon yadda za a koma masauki ko a faɗa masallaci. In da bazara za ku je ki sani a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goman dare, a Disamba kuma biyar na yamma an yi magariba, ɗanki ya sa miki lokutan salla na garin a waya.

Saboda gwiwa ki guji metro iyakar iyawarki, yawancin tashoshin matakala ne hawa da sauka ba lifta, in ban da layi na 14. Bas ya fi miki, ƙofarsa a ƙasa take kuma kina zaune kina kallon gari. Bas mai lamba 69 yana tashi daga kusa da Eiffel ya bi ta Louvre ya wuce Bastille, da tikiti ɗaya kin ga rabin abin da mutane ke wahala a kai. Jirgin ruwan Seine ma a zaune ake yi.

Ki ce ɗanki ya ware miki wuni guda na Babban Masallacin Paris, a gunduma ta 5 kusa da lambun Jardin des Plantes. An buɗe shi a 1926 don tunawa da dubban sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a yaƙin duniya na ɗaya, hasumiyarsa mita 33, ginin irin na Maroko da Andalus ne, farin bango da koren rufi. Kina shiga hayaniyar motoci sai ta ɗauke, tsakar gida ne da shuke-shuke da ruwa na gudana a kan shuɗin tayil, akwai wajen alwala da ɓangaren mata. Ranar Juma'a a je da wuri don cika yake har waje. In kin idar ku zagaya ta ɗaya kusurwar ginin, akwai wurin shan shayi a ƙarƙashin bishiyoyi, ana zagayawa da tire ɗauke da ƙananan kofunan gilashi na shayin na'ana'a mai zafi, ki zaɓi kayan zaƙi na zuma da almon a kanta, tsuntsaye na sauka har kan teburin tagulla suna tsintar ɓurɓushi. In yunwa ta taso akwai gidan abinci a ciki mai kuskus da tajin. Daga nan Cibiyar Duniyar Larabawa da aka buɗe a 1987 ba nisa, tasi minti kaɗan ne, kuma akwai lifta har rufinta, daga can za ki hango Notre-Dame da kogin ba tare da kin taka matakala ko ɗaya ba.